Ɗorawar da Muka Dasa a Bakin Hazzan

Yau kwana tara ke nan jakar nan tana buɗe a kan angarib ɗina, gadon nan na igiya. Autata ta ninke jallabiyoyi ta zuba, ni kuma in zo in kwashe in mayar kan igiya, in ce ba su bushe ba. Ta sake zubawa, in sake kwashewa. Jiya dai ta gaji, ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba, kayan da suka kwana uku a zafin ranar Gadarif ne ba su bushe ba?" Sai na hau faɗa wai ta bar ƙofar gida a buɗe.

Babban ɗana da ke aiki a Jidda ne ya gama mini takardu. Tun da fitinar yaƙin nan ta taso, garinmu ya cika da mutanen da suka gudo daga gidajensu, ya ce hankalinsa ba zai kwanta ba muddin ina nan. In zo in yi umra, in zauna wurinsa, halas, shi ke nan, ba maganar dawowa. Ranar Asabar motar Bor Sudan za ta tashi. Duk wanda ya ji sai ya kama hannuna ya ce na yi arziki, in sa shi a addu'a. Makka ce fa. Wa yake ƙin Makka? Ni ban ƙi ba, Allah ne shaidata. Amma tun ranar da takardun suka iso na kasa zama wuri ɗaya. In fita ƙofar gida, in dawo, in tafi kasuwar hatsi ba abin da zan saya, in tsaya ina kallon masu dako har rana ta dake ni. Kunya nake ji, domin abin da ubana ya mutu yana nema ne aka kawo mini har kan gado, ni kuwa zuciyata ta ƙi kallon gabas. Wani wuri take ta komawa wanda rabona da shi ya fi shekara ashirin, wato bakin hazzan, madatsar ruwan da aka yi a kan kogin da ya gangaro daga Habasha.

Sai na faɗi wane ne ubana kafin a gane zancen. Yana saurayi ya baro ƙasar Hausa da ƙafa, da sanda da gorar ruwa, da niyyar aikin hajji. Ya yi noma a nan, ya yi dako a can, har ya iso Gadarif a ƙasar Sudan guzuri ya ƙare. Ya ce bari ya yi yankan riɗi na kaka ɗaya ya wuce. Kaka ɗayar nan ce ta zama shekara arba'in. Kowace shekara da abin da zai cinye guzurin, ko haihuwa, ko ciwo, ko fari, shi kuwa kowace shekara maganarsa ɗaya ce, "Baɗi, in Allah ya yarda." Sandar da gorar suna rataye a bakin ƙofar ɗakinsa, yana shafe musu ƙura kowace Juma'a. In maƙwabci ya ce masa ina gida, sai ya ce, "Muna kan hanya." Irinsa suna da yawa a unguwarmu a lokacin, kuma suna da wata doka da ba a rubuta ba: matafiyi ba ya gina ɗakin tubali, matafiyi ba ya dasa itace. A bukkar ciyawa aka haife ni, a tsakar gidan da ko inuwar kaza babu. Na tuna ranar da uwata ta dasa ɗan dogon yaro a bayan madafa, tana ba shi ruwan wanke-wanke. Ya kai tsawon gwiwa Baba ya gani. Bai yi faɗa ba, tsugunawa ya yi ya tuge shi da hannu ɗaya, ya ce, "Wanda ya dasa itace ya yi niyyar jiran inuwarsa." Uwata ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Mu kuwa samarin lokacin ba hanya ce a gabanmu ba, riɗi ne a gabanmu. Mu uku ne ba a raba mu. Akwai Dogo, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko yana cin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, akwai Na-Gallabat, wanda ya tashi wurin kawunsa a bakin iyaka, ya koyo dafa jabana, wato gahawa, a wurin Habashawa, sai ni. Wanda bai yi yankan riɗi ba bai san gaggawa ba. In ya nuna, kwanakinsa ƙididdigaggu ne, ka yi jinkiri kwanson ya fashe ya zubar da arzikin a cikin tsagewar baƙar ƙasa. Tun duku-duku muke fita daga kambo, sansaninmu na gona, da lauje, mu yanka, mu ɗaure, mu jingina dami-dami a tsaye har su cika hilla, ma'aunin da ake biyanmu da shi, hannu ya yi baƙi da danƙo, kunama tana jira a ƙarƙashin kowane dami. Ranar da aka yanke na ƙarshe, ba wanda yake tambayar ina za a je. Mu haye saman lorin da ya ɗauko buhuna, mu zauna a kai, iska tana cika mana riga, Dogo yana rera waƙa da muryar da ko jaki ba zai yi sha'awa ba. Yanzu injin ne yake yawancin aikin, samari kuma in sun gama sai kowa ya sunkuya a kan wayarsa.

Kafin ka ga hazzan za ka ji shi. Tun daga nesa rurin ruwan da ke faɗowa ta ƙofofin yake danne ƙarar lori, sai kuma wani sanyi mai warin laka ya bugi fuskarka. Mukan diro tun mota ba ta gama tsayawa ba, mu tuɓe, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu faɗa ruwa da dattin sati uku. Tsofaffin masuntan wurin sukan daka mana tsawa, "Kada ku dubi sama, ku dubi launin ruwa. In ya yi ja, an yi ruwa a Habasha, ku fito." Mukan dirje jiki da yashi har danƙon riɗin ya fita, mu wanke riguna mu shanya a kan duwatsu. Ni nake jefa ƙugiya, domin ni ne mai haƙurin cikinmu a wancan zamanin, ko da yake 'ya'yana ba za su yarda ba. In an samu karfasa ko tarwaɗa, a gasa a kan garwashi, a barbaɗa gishiri da shatta, garin barkono, a warware kisrar da uwar Dogo ta ƙunsa mana a tsumma. Daga nan sai Na-Gallabat ya karɓi fage. Ya soya bunni, 'ya'yan gahawar, a kan murfin gwangwani, ya zagaya da hayaƙin a gaban hancin kowa, ya daka da citta a ɗan turminsa, sautin dakan yana tafiya tare da rurin ruwa. Ba ya yarda a sha a tsaye, ba ya yarda a tashi kafin zagaye na uku. Makiyaya su kawo raƙuma shan ruwa a ƙetare, mata suna bugun wanki a can ƙasa, mu kuwa mu miƙe ƙafa muna gardamar wadda kowa zai aura. Kwanakin baya jikana ya nuna mini hoton da suka ɗauka a wani bakin ruwa shi da abokansa. Duk sun juya wa ruwan baya suna yi wa waya murmushi. Na ce masa, to ku me kuka je yi?

Wata shekara wata tsohuwa ta sauka a gidanmu, ita ma mai tafiya hajji da ƙafa, sabuwar fitowa daga ƙasar Hausa. Da za ta wuce ta kwance bakin zanenta ta ba uwata kalwa, 'ya'yan ɗorawa, cikin tafin hannu biyu. Mu da aka haifa a nan daddawar 'ya'yan karkade muka sani, ba mu taɓa ganin ɗorawa ba sai a bakin tsofaffi. Uwata ta riƙe kalwar nan tana shinshina tana hawaye. Kafin ta dafa na saci ƙwaya bakwai, ban ma san abin da zan yi da su ba. Da na nuna wa abokaina a bakin hazzan, Na-Gallabat ya ce a soya a ji ɗanɗanon ƙasar kakanni. Dogo ya fizge ya ce, da irin kiran Larabawan garin, "Ya zol, kai komai ka gani sai ka soya? Mu shuka." Na ce ubana zai kashe ni. Ya ce, "Ubanka ya hana dasa itace a gidansa. Nan gidansa ne?"

Muka zaɓi wani ɗan tudu sama da inda ambaliya take kaiwa, muka jiƙa ƙwayoyin a sauran ruwan zafin jabana kamar yadda wani masunci ya koya mana, muka binne. Biyu suka tsiro, akuya ta cinye ɗaya. Ɗayar muka kewaye ta da ƙaya. Daga ranar zuwa hazzan ya tashi daga yawon bayan kaka ya zama wajibi. Da rani, lokacin da ƙasa take tsagewa har ƙafar mutum ta shige, ba ma haɗa Juma'a biyu ba mu je ba. In babu lori mu bi tarakta, in babu tarakta mu taka. A gida in ce kamun kifi za mu, Baba ya ce kifin nan dai ya ga ta kansa. Mu yi layi daga bakin ruwa zuwa tudu muna miƙa wa juna gwangwani, Dogo yana yi wa itaciyar kirari yana kiranta amaryarmu.

Ni na tona wa kaina asiri. A shekara ta uku, da ta kai tsawon kafaɗata, daɗi ya ɗebe ni na tsinko reshe ɗaya na kawo wa uwata a ɓoye. Ta gane ganyen tun kafin in yi magana. Ta sa a ƙarƙashin tabarmar sallarta, can kuwa Baba ya gani. Da safe ya kira ni, reshen yana hannunsa, ya riga ya yi yaushi.

"Ina ka samo wannan?"

Na fara kame-kame, ya katse ni.

"Shekara talatin da wani abu rabona da ganyen nan. Babu shi a ƙasar nan sai in wani ne ya kawo. Ina tambayarka."

Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗauko gatari." Ya sauke sandarsa da gorarsa, domin ko ƙauyen kusa za shi ba ya barin su. A tashar lori muka tarar da Dogo da Na-Gallabat, uwata ce ta aika musu. Suka gaishe shi ya amsa da ka. Tunda nake da Dogo ban taɓa ganin ya yi tafiya mai nisa haka bakinsa a rufe ba. Ni kuwa gatarin yana kan cinyata, zuciyata tana tafasa. Na yi niyyar in ya ce in sara, zan sara, domin ubana ne, amma ba zan sake taka bakin hazzan ba har in mutu.

Muka isa rana tana tsaka. Ya hau tudun da kansa, ya ja ƙayar gefe da sanda, ya tsaya a gabanta. Iska tana kaɗa ƙananan ganyen nan nata. Ya miƙa hannu ya shafa su, ya murza ɗaya ya kai hanci. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Akwai irinta a ƙofar gidanmu. A ƙarƙashinta uwata take sussuka." Ranar ce ta farko da na ji ya ambaci uwarsa. Sai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya miƙo mini gorar ya ce azahar ta yi, in ciko masa. Na gangara na ciko. Ga fili ko'ina, ga duwatsu masu tsabta a bakin ruwa, amma sai ya tsuguna a gindin itaciyar, ya yi alwalarsa a hankali, ruwan yana gangarawa cikin ramin da muke zuba mata. Abin da ya rage a gorar ya juye shi a wurin. Ya ja mu salla a kan tudun. Da ya sallame ya dubi shingen ya ce, "Ƙayar nan ta yi ƙasa. Raƙumi zai miƙo wuya. Ina gatarin? Ku saro wata."

Muka yini saran ƙaya, hannu duk jini, ba wanda ya ji zafi. Na-Gallabat ya dafa jabana, Baba ya sha har zagaye na uku. A saman lori muna komawa, ya gyara zaman sandarsa ya ce, "Ku zama shaida, ni ban dasa komai ba. Alwala na yi." Dogo ya ce, "Mun shaida, Baba," ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Baba bai sake ambaton itaciyar ba, amma duk ranar da zan fita ya kan ce, "Kifin nan naku, yana girma kuwa?" Damina huɗu bayan haka ya rasu, yana cewa baɗi. Muka binne shi a nan Gadarif, sandar da gorar suka dawo bakin ƙofata.

Daga baya aure ya zo, 'ya'ya suka zo, na samu rumfa a kasuwa, na gina ɗakin tubali ban nemi izinin kowa ba. Zuwa hazzan ya koma shekara-shekara, sannan ya tsaya. Na-Gallabat ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Dogo ya ranƙwafa, gwiwa ta ci shi, bakin ne kawai bai tsufa ba.

Shekaranjiya da na rasa inda zan sa kaina na je na same shi a ƙofar gidansa. Na ce tashi mu je. Bai tambaye ni ina ba, cewa ya yi, "Kwana bakwai ina jiran ka gama zagaye kasuwa kamar kazar da za ta yi ƙwai." Muka samu boksi, 'yar motar a-kori-kura, mai zuwa wajen. Hanyar da muke yi rabin yini yanzu kafin ka gyara zama an iso. Na yi ta kasa kunne in ji rurin ruwa, ban ji ba. Bazara ce, ƙofa ɗaya ce a buɗe, laka ta cinye gefen tafkin, inda muke ninƙaya ya zama fili awaki suna kiwo a kai, ledoji sun maƙale a jikin kowace ƙaya. Raina ya ɓaci, na ce da ma ban zo ba. Dogo ya zungure ni da sandarsa ya nuna tudu.

Wallahi da ba don tudun ba da ban gane ta ba. Mutum biyu ba za su rungume gindinta ba. Ta baje rassa, kwansuna suna reto dogo-dogo, inuwarta ta rufe tudun duka. A ƙarƙashinta wata mata ta kafa teburin shayi, mutane sun fi goma a kan benci, daga ganin kayansu ka san cikin waɗanda suka gudo ne. Muka zauna ta kawo mana jabana. Dogo ya tambaye ta da Larabci ko ta san sunan itaciyar. Ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa ganin irinta ba, mutanen wurin sun ce tun fil azal take nan, Allah ne ya shuka.

"Allah ne ya rayar, hajiya," in ji Dogo, "amma gwangwanin mu muka ɗauka. Ga wanda ya saci irin nan zaune."

Ta yi dariya, ta ɗauka zolayar tsofaffi ce. Ta ce ko wa ya shuka Allah ya saka masa, domin ranar da suka iso da 'ya'yanta ba su da rufi sai wannan inuwar. Ta ce su ma ba daɗewa za su yi ba, da abin ya lafa za su koma. Na dubi bayan teburinta, ga na'ana'a ta shuka a gwangwanaye uku, har da wani ɗan lemon tsami ta kewaye da ƙaya.  Da azahar ta yi na roƙi buta, na tsuguna a gindin, daidai wurin da nake zaton nan ne. Ina wanke fuska na ji kuka ya zo mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da muka binne shi. Dogo ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To, Asabar ɗin ce?" Na ce ita ce. Ya ce, "In ka zauna can, ni kaɗai zan rage wanda ya sani. Kuma ka san ni, cewa zan yi ni kaɗai na dasa."

Jiya bayan autata ta gama yi mini tsiyar kaya na ce ta kira mini yayanta. Na ce masa zan zo, amma ya yankar mini tikitin dawowa.

"Baba, dawowa ina? Kana ganin halin da ake ciki. Kakanmu shekara arba'in yana neman hanyar nan."

"Shi ya sa zan zo. Sandarsa da gorarsa zan rako, in kai su inda suka nufa, in yi masa ɗawafi. Su ne matafiyan. Ni a nan aka haife ni, a nan uwarku take kwance, a nan na dasa itace."

"Wane itace kuma, Baba?"

"In ka zo gida zan kai ka."

 Na san tsoro yake ji, kuma tsoronsa gaskiya ne, na san na ɓata masa rai. Can ya ce, "Wata nawa?" Na ce ɗaya ya isa. Ya ce biyu. Na ce to, biyu, amma kafin yankan riɗi ina gida.

Yau da safe na sauke gorar daga bakin ƙofa, na shafe mata ƙura, na naɗe ta a rawani na sa a ƙasan jaka. Sandar ba ta shiga, a hannu zan riƙe ta. Autata ta kwaso jallabiyoyin duka a kafaɗa ta tsaya tana jira. Na zaɓi uku na miƙa mata. Ta ce sauran fa? Na ce ta mayar da su kan igiya, zan zo in same su.